Nonon Uwa Zalla Har Wata Shida: Jawabi Ga Masu Sabon Jego

Wannan shi ne jawabin da ma'aikaciyarmu ta sashen lafiya da raya karkara ta gabatar a makon shayarwa na duniya, a gaban masu jego, ungozomomi da kakanni, yawancinsu 'yan'uwanmu Musulmi. Mun buga shi domin 'yan zumuntar mata da masu sa kai su karanta wa maƙwabtansu da ba su sami zuwa ba.



Ranka ya daɗe mai unguwa, Allah gafarta malam liman, iyayena ungozomomi da kakanni, yayyena da ƙannena masu jego, ina gaishe ku da kyau. Barkanku da sauka lafiya, yaya ruwan zafi? Allah ya raya abin da aka samu, ya sa masu albarka ne. Ina kuma gode wa mazajen da suka bar matansu suka fito, da waɗanda suka rako su suna zaune can baya a inuwa. Don Allah kada ku tashi tukuna, akwai rabonku a cikin maganar nan.

Kamar yadda kuka sani, ni Kirista ce, ikilisiya ce kuma ta aiko mu wannan aiki. Ban zo in koya muku addininku ba, ga malamanku nan, sun fi ni sani nesa ba kusa ba. Inda maganata ta taɓa addini zan faɗi abin da kowa ya riga ya sani, sauran in bar wa malam. Abin da ya kawo ni shi ne lafiyar jariran da ke hannunku. Rijiya ɗaya muke sha, asibiti ɗaya muke kai 'ya'yanmu, gudawar da ta shiga gidanku kuwa gobe tana gidanmu.

Maganata guda ɗaya ce, ko kun manta da komai kada ku manta da ita. Daga sa'ar da aka haifi jariri har ya cika wata 6, nonon uwarsa kaɗai za a ba shi. Ba ruwa, ba jiƙo, ba kunu, ba madarar gwangwani. Abin da aka yarda ya shiga bakinsa bayan nono shi ne ɗigon rigakafi da maganin da aka rubuta masa a asibiti. In ya cika wata 6 a fara ba shi abinci, a kuma ci gaba da nono har shekara 2.

Inda addini da likitoci suka haɗu

Shekara 2 ɗin nan ba baƙuwar magana ba ce a wurinku. A cikin Suratul Baƙara, aya ta 233, an ambaci shekara biyu cikakku ga wanda yake so ya cika shayarwa, an kuma ɗora wa uba nauyin ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita. Suratu Luƙman ma ta ambaci yaye a cikin shekara biyu. Kun san tarihin Halimatu Sa'adiyya wadda ta shayar da Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Labarin Annabi Musa kuwa yana wurinku yana wurinmu: a Suratul Ƙasas da kuma Littafin Fitowa sura 2, Allah ya shirya yadda aka mayar da jaririn ga uwarsa ta shayar da shi, alhali yana hannun gidan Fir'auna, inda babu abin da aka rasa.

Likitoci daga baya suka iso wurin. A shekarar 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da shawara a kan wata 6 na nono zalla, sannan a ci gaba da shayarwa har shekara 2 ko fiye. Kafin nan ana cewa wata 4 zuwa 6 ne, shi ya sa wasu daga cikin iyayenmu da suka haihu a asibiti a da za su ce musu wata huɗu aka faɗa. Gaskiyarsu, haka aka faɗa musu, amma bincike ya ƙaru. A 2016 mujallar likitoci ta Lancet ta fitar da lissafi cewa da za a shayar da yara yadda ya kamata a ko'ina, da an tsirar da rayukan yara 'yan ƙasa da shekara 5 kimanin 823,000 a kowace shekara, da kuma an kauce wa wajen rabin gudawar da ke kama yara da kashi ɗaya cikin uku na ciwon haƙarƙari.

To, ina muka tsaya a Najeriya? Binciken lafiya na ƙasa ya nuna cewa a 2008 jarirai 13 ne cikin 100 suke samun nono zalla, a 2013 suka zama 17, a 2018 suka kai 29. An ci gaba, amma har a lokacin jarirai 7 cikin 10 ana haɗa musu da wani abu. Matanmu ba ƙin shayarwa suke yi ba, kusan kowace uwa a nan tana ba da nono, har ta shekara da rabi tana bayarwa. Matsalarmu tana wuri biyu: abin da ake yi a kwanaki uku na farko, da kuma ruwan da ake ɗura wa jariri.

Sa'a ta farko da dakashi

Da zarar an haihu, a goge jariri da tsumma mai tsabta, a ɗora shi a ƙirjin uwarsa, fata da fata, a lulluɓe su tare. Kada a yi gaggawar yi masa wanka, a bari ya kwana ɗaya. Cikin sa'a ta farko a sa shi a nono. Iyayena ungozomomi, wannan aikinku ne, domin ku ne a ɗakin. Tsotson jariri yana sa mahaifa ta tsuke, jini ya ragu. Ciwon marar da mai jego take ji in jariri ya kama nono, aikin ke nan yake yi.

Nonon farko mai kauri, mai kalar ɗorawa, wanda muke kira dakashi, shi ne ake tatsewa a zubar a gidaje da yawa, ana cewa ya yi tsami ko yana da dauɗa domin ya daɗe a cikin mama. A wasu wurare har gwaji ake yi, a tatsa a ludayi a jefa tururuwa, in ba ta fita ba a ce nonon ba shi da kyau, a hana yaro kwana biyu ko uku ana ba shi nonon akuya ko ruwan sukari. Iyayena, tururuwa ko a cikin zuma ta faɗa ba za ta fita ba, kaurinsa ne ya riƙe ta. Dakashi shi ne rigakafin farko da Allah ya shirya wa jariri. Yana ɗauke da garkuwar da jikin uwa ya tara, yana shafe hanjin jariri don kada ƙwayoyin cuta su sami wurin kamawa, yana kuma fitar da baƙin kashin farko, wanda hakan yake rage ciwon shawara. Ku dubi makiyayi: in saniya ta haihu, ba ya hana ɗan maraƙi dakashi, domin ya san wanda bai sha ba ba ya ƙarko.

Za ku ce ai dakashi kaɗan ne, ba zai ƙosar da yaro ba. Cikin jariri a ranar farko bai wuce ya ɗauki cokalin shayi ɗaya ko ɗaya da rabi a lokaci guda ba. Kaɗan ɗin nan daidai da cikinsa yake. A kwana na uku ko na huɗu nono zai kawo sosai, kuma yawan tsotso ne yake kawo shi da wuri.

Huɗuba, dabino, rubutu da zamzam

Ga inda nake so in taka a hankali. Kiran salla da ake yi wa jariri a kunne ba ya hana komai, ana iya yi yana kwance a ƙirjin uwarsa a lulluɓe, ko bayan ya gama shan nonon farko. Batun tauna dabino a shafa masa a ganɗa, hukuncinsa na malamai ne. Abin da zan roƙa ta fuskar lafiya shi ne, in za a yi, a bari ya fara kama nono, a yi da hannu mai tsabta, mai mura ko tari ko ciwon baki kada ya yi, kuma a tsaya a shafawa sau ɗaya. Shafawa daban, jiƙa dabino a ruwa a yi ta ɗura wa yaro har ranar suna daban.

Zuma kuwa kada a ba yaro sai ya cika shekara 1. Takan ɗauki wata ƙwayar cuta da ba ta yi wa babba komai, amma a hanjin jariri tana fitar da guba mai kashe jiki, yaro ya kasa tsotso, ya kasa numfashi.

Rubutu da ruwan zamzam na san darajarsu a wurinku, na kuma san ƙauna ce take sa kaka ta kawo. Shawarata ita ce uwa ta sha, tun da abin da yake jikinta shi yake ciyar da ɗanta, ko a shafa wa jariri a jiki, a yi masa addu'a a tofa. Ga malam liman a zaune, ku tambaye shi bayan taro ko hakan ya wadatar.

Batun ruwa

Wannan ita ce tambayar da ba ta taɓa ƙarewa: da zafin nan na watan Maris da Afrilu, a hana ɗan mutum ruwa, ba alhaki ba ne? A al'adarmu ko baƙo ya zo ruwa ake fara ba shi, balle wanda ya zo duniya. Na fahimci wannan sarai.

Amsar ita ce, ruwan yana cikin nonon. Fiye da kashi 80 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne, tatacce kuma, wanda babu rijiya ko famfon da ya kai shi tsabta. In jariri ya kama mama, nonon da yake fara fitowa tsararo ne, yana kashe ƙishi. Wanda yake biyo baya ya fi maiƙo, shi yake ƙosarwa ya sa ƙiba. An auna jarirai a ƙasashe masu zafi irin namu, an ga wanda yake shan nono duk lokacin da ya nema ba ya bukatar ƙarin ruwa. Don haka in rana ta yi zafi, uwa ce za ta ƙara shan ruwa, ta ƙara yawan ba da nono.

Ruwan da aka ba jariri yana ɓarna iri uku. Yana cika ɗan ƙaramin cikinsa da abin da ba ya gina jiki. Yana rage tsotso, in tsotso ya ragu nonon uwa ya ragu. Na uku, wanda ya fi muni, ta nan gudawa take shiga: ta randa, ta moɗa, ta cokali, ta hannun mai ɗurawa. Mu manya cikinmu ya saba da ruwan rijiyarmu, na jariri bai saba ba. Kwana biyu na gudawa da amai ya isa ya sa maɗigar yaro ta faɗa, idonsa ya zurma. Saboda haka ne a 2019 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da gangami na musamman a kan hana ba jarirai ruwa kafin wata 6.

Madarar gwangwani ma ga lissafinta. Jariri yana bukatar kimanin kilo 20 a wata 6 na farko, wato wajen gwangwani 50 masu giram 400. Ku je kanti ku tambayi kuɗin guda ɗaya ku ninka. In kuɗi ya gaza sai a riƙa tsinka ta da ruwa, yaro ya shiga tamowa. Bulumboti kuma, wanda wasu ke kira fida, wanke shi yadda ya kamata yana da wuya, ga ƙuda. Tun 1981 ƙasashen duniya suka amince da ƙa'idar da ta hana tallata wannan madara ga iyaye mata, domin an ga yadda ta jawo mutuwar yara a inda babu ruwa mai tsabta. Tana da ranarta ga jaririn da ba shi da wata hanya, amma ma'aikacin lafiya ne zai faɗa.

Yadda jariri zai kama nono

Ƙannena masu haihuwar fari, ku matso da kunne. Yawancin ciwon kan nono da kukan jariri daga kamu suke. Ki zauna ki jingina bayanki. Ki juyo da jaririn gaba ɗaya, cikinsa yana fuskantar cikinki, kansa da jikinsa a miƙe, ki tallafe shi har ɗuwawu. Ki taɓa leɓensa da kan nono, ki jira ya wage baki sosai, sannan ki jawo shi. Shi za ki kawo wa nono, kada ki sunkuya ki kai masa.

Alamun kamu mai kyau guda huɗu ne: bakinsa a buɗe sosai, leɓen ƙasa ya juyo waje, haɓarsa tana taɓa mama, sannan baƙin da ke kewaye da kan nono ya fi fitowa ta saman bakinsa fiye da ta ƙasa. Za ki ji yana haɗiya. In kina jin zafi kamar ana yankar ki, kan nono kaɗai ya kama. Ki sa ɗan yatsanki mai tsabta a gefen bakinsa ki zare, ki sake.

Ki ba shi duk lokacin da ya nema, dare da rana, sau 8 zuwa 12 a yini da kwana. Kada ki jira sai ya yi kuka. In yana juya kai, yana tsotson hannu, yana motsa baki, yunwa ce. Ki bar shi ya gama da mama ɗaya ya saki da kansa kafin ki juya shi, don ya kai ga mai maiƙon.

Mata da yawa sukan ce nononsu ba ya isa. Ga yadda za ki gane. Bayan kwana 5, in yana fitsari sau 6 ko fiye a yini da kwana, fitsarin kuma ba ja ba ne, yana samun abin da ya ishe shi. Jariri yakan ɗan rage nauyi a kwanakin farko, ya mayar cikin mako 2. Ki riƙa kai shi awo kowane wata a duba katinsa. Girman mama ba shi ne yawan nono ba. Nono kamar rijiya yake, in ana ɗiba yana kawowa.

In za ki gona ko kasuwa ko makaranta kuma ba za ki iya goya shi ba, ki wanke hannu ki tatsa a kofi mai murfi da aka wanke da tafasasshen ruwa. A ajiye a wuri mafi sanyi a ɗaki, a ba shi da ƙaramin kofi kafin awa 4. In jariri ya ƙi kama nono gaba ɗaya, asibiti za a kai shi a ranar. Kada a kira wanzami a cire masa beli. Beli ba ya hana tsotso, yankan kuwa yana jawo zubar jini da ciwon da ake kira tetanus.

Kunyar ɗan fari

Akwai wata al'ada tamu mai kyau da takan yi ɓarna a nan. Yarinya ta yi haihuwar fari, an kai ta gida wanka, ɗaki cike da 'yan barka. Jariri yana kuka, ita kuwa kunya ta hana ta ɗauka a gaban uwarta ko surukarta, sai an ce mata sau uku. Kafin nan wata ta riga ta ɗura masa ruwa don ya yi shiru. Alkunya ado ce, ba na cewa a bar ta. Kada ki kira sunansa in ba kya so, kada ki yi masa wasa a gaban mutane. Amma nono haƙƙinsa ne. Kakanni, ku ne za ku sauƙaƙa mata: ku miƙa mata shi da kanku, ku rage mutane a ɗaki, ku ba ta mayafi ta rufa. In kun ba ta izini sau ɗaya a fili, kunyar ta kau.

Abincin mai jego da wanka

Mai shayarwa tana cin na mutum biyu. A ƙara mata kwano ɗaya ko biyu a kan abin da ta saba. Ba sai an sayo abin kanti ba: tuwo da miyar zogale ko kuka ko alayyafo, wake, gyaɗa, ƙwai, busasshen kifi, kunun gyaɗa, nono da fura, gwanda ko mangwaro in lokacinsu ne. Naman suna kuma a tabbata mai jego ta sami rabonta kafin a raba wa gari. Ta ci gaba da shan maganin ƙarin jini da aka ba ta a awo. Ko uwa ba ta da ƙiba, nononta yana da kyau, jikinta ne yake biya, shi ya sa dole a ciyar da ita.

Wankan jego da ruwan ɗumi yana sa jiki ya saki. Amma ruwan da yake ƙona fata, da kwanciya a kan gadon da aka hura wa wuta a ƙasa, da kunun kanwa safe da yamma har kwana 40, suna da haɗari. Tun a shekarun 1970 likitoci a asibitin koyarwa na Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego, suka danganta shi da yawan kanwa da tsananin zafi. Kanwa tana tara ruwa a jiki kamar gishiri, zuciya ta gaji. Kanwa ba ta kawo nono, tsotso ne yake kawowa. A surka ruwan wanka, a mayar da kunun na gyaɗa ko na tsamiya. Mai jegon da ƙafarta ta kumbura, tana haki, ba ta iya kwanciya sai a zaune, a kai ta asibiti ba tare da jira ba.

Azumi

In watan Ramadan ya same ki kina shayarwa, kun fi ni sanin cewa addini ya yi sauƙi ga mai shayarwar da take tsoron cutuwa ga kanta ko ɗanta. Yadda za a rama da abin da ya shafi ciyarwa, malam ne zai yi bayani. Ta fuskar lafiya, wadda jaririnta bai kai wata 6 ba ita ce ta fi bukatar ta yi tunani, tun da ba shi da wani abinci sai ita. Wadda ta ɗauki azumi ta sha ruwa sosai tsakanin buɗa-baki da sahur, kada ta tsallake sahur, ta rage aikin rana, ta yawaita shayarwa da dare. In ta ga jiri, ko fitsarinta ya yi ja ƙwarai, ko fitsarin jariri ya ragu, alama ce jiki ya gaza. Abin da ba za a yi ba shi ne a fara ba jariri ruwa ko kunu don uwa ta sami yin azumi.

In rashin lafiya ta zo

Zazzaɓin cizon sauro, mura ko gudawa ba sa hana uwa shayarwa. Ta nemi magani, ta gaya wa ma'aikacin lafiya tana shayarwa, ta riƙa wanke hannu. In mama ta kumbura ta yi ja tana zafi, a ci gaba da ba yaro ko a tatse, domin barin nonon a ciki shi yake sa ta yi ƙurji. In da zazzaɓi a je asibiti. In jariri ne yake gudawa, a ƙara masa nono, a kai shi a ba shi ruwan gishiri da sukari na asibiti da ƙwayar zink.

Mai ɗauke da ƙwayar cutar HIV, a da akan ce kada ta shayar. Yanzu magana ta sauya. Tun daga 2010, aka kuma ƙarfafa a 2016, shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ga ƙasashe irin tamu ita ce uwa ta riƙa shan maganinta kullum ba fashi, ta ba da nono zalla wata 6, ta ci gaba da shayarwa aƙalla shekara 1. Maganin yana rage yiwuwar yaro ya ɗauka ƙwarai da gaske. Kowace mai ciki ta yi gwaji a wurin awo, sirrinta kuma a rufe yake.

In uwa ta rasu, Allah ya kiyaye, samun wadda za ta shayar da maraya babban alheri ne, kuma kuna da shi a addininku. A fara kai matar asibiti a gwada lafiyarta. A kuma sanar da dangi a rubuta, tun da shayarwa tana haramta aure tsakanin waɗanda suka sha nono ɗaya.

Waɗannan alamu in an gan su ga jariri ba a kwana da su: ƙin shan nono, zafin jiki ko sanyin jiki, numfashi da sauri, jijjiga, tafin hannu da na ƙafa su yi ɗorawa, cibiya tana ruwa ko wari.

Bayan wata shida, da yaye

In ya cika wata 6, nono kaɗai ya daina isa. A fara da kunu mai kauri wanda zai zauna a cokali, a haɗa gero ko dawa da waken suya da gyaɗa, a sa ɗan manja ko garin kifi ko ƙwai. Sau 2 zuwa 3 a yini har wata 8, daga wata 9 sau 3 zuwa 4. Yanzu ne za a ba shi ruwa, tafasasshe, a kofi mai tsabta.

Nono zalla yana taimaka wa tazarar haihuwa, amma da sharaɗi uku a haɗe: jariri bai kai wata 6 ba, ba a ba shi komai sai nono dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba. In ɗaya ya faɗi, ciki yana iya shiga, sai miji da mata su je asibiti tare su nemi shawara. In kuwa an yi kwanika, kada a firgita a cire yaro a dare ɗaya. Nonon mai ciki ba guba ba ne. Abin da yake kwantar da yaron shi ne an raba shi da nono da uwarsa rana ɗaya, an kai shi gidan kaka, ya ƙi cin abinci. Yaye a hankali ake yi, ana rage nono ana ƙara abinci cikin makonni, ba tare da shafa maɗaci a mama ba.

Ga mazaje da kakanni

Iyayena maza, ayar da ta ambaci shekara biyu ita ce ta ambaci ciyarwa, kuma ta sa yaye ya zama da shawara tsakanin miji da mata. Kuɗin gwangwani ɗaya na madara zai sayi wake da ƙwai da kifin da mai jego za ta ci kwanaki. Ku ba da izinin zuwa asibiti tun kafin bukata ta taso, don kada a zauna jiran ku dawo daga kasuwa yaro yana jijjiga. In aure ya mutu, kada a ƙwace jariri daga nono don fushi. Suratuɗ Ɗalaƙ, aya ta 6, ta yi maganar biyan matar da aka saki ladan shayarwa.

Iyayena kakanni, kun raine mu, kun san abin da ba mu sani ba. Amarya ba za ta iya yi muku musu ba, in kun ce a ba da ruwa za a bayar. Don haka maganar nan a hannunku take. Kun tuna yaran da aka binne a unguwar nan kafin su yi haƙori, aka ce iska ce ko maɗiga. Rai na Allah ne, shi yake bayarwa shi yake karɓa, amma ya ba mu hankali mu kiyaye amanar da ya damƙa mana. Ku gwada da jikan da ke hannunku yanzu: wata 6 ba ruwa, ku ɗauke wa uwarsa daka da ɗiban ruwa, ku riƙa duba katin awonsa.

Masu sa kai namu za su riƙa zagayawa gida gida tare da ungozomomi. Duk wadda take da ciwon mama ko wata damuwar da ba ta so ta faɗa a cikin jama'a, ta tsaya bayan taro mu gana a ɗaki. Yanzu zan roƙi malam liman ya ƙara mana haske a kan abin da ya shafi azumi da rubutu, sannan ya rufe mana da addu'a.

Allah ya raya mana 'ya'yanmu, ya ba masu jego lafiya, ya zaunar da garinmu lafiya.